Gumin Da Ya Bushe A Beka



Ranar 29 ga Janairu, 2022, aka buga wasa na ƙarshe cikin rabon da Garwa ta samu na Gasar Cin Kofin Nahiyar Afirka, inda Burkina Faso ta fitar da Tunisiya da ci ɗaya da nema a filin Roumdé Adjia. Kafin nan garin ya yi kusan mako uku yana karɓar baƙi. 'Yan'uwanmu na Yola da Mubi sun tsallako iyaka don ganin Najeriya ta doke Masar da Sudan da Gini Bisau, sa'annan suka koma gida jiki a sanyaye ranar 23 ga watan, bayan da Tunisiya ta kore ta. An gyara babban filin da aka gina tun 1978, an shimfiɗa ciyawa a filayen atisaye, an kunna fitilun da suka mai da dare rana. Kowa ya ce Arewa ta fita kunya.

Kwana arba'in ba su cika ba, ranar 8 ga Maris, aka sanar da rasuwar Malam Hamidu, malamin motsa jiki da wasanni a makarantar sakandaren Beka, cikin gundumar Faro, a wannan yanki namu na Arewa, daf da iyakar Najeriya. Ya yi shekara 10 yana koyarwa ba shi da lambar ma'aikacin gwamnati, wadda ake kira matirikil, kuma ba shi da albashi. Duniya ba ta san da shi ba sai da malaman sakandare suka ajiye alli a watan Fabrairu na shekarar, ƙarƙashin ƙungiyar da aka sani da OTS, sunan da ke nufin an jure har haƙuri ya ƙare. A cikin wannan yajin aiki ne hotonsa ya bazu, yana ɗauke da kwalin da ya rubuta shekarunsa a kai. Da abin ya zama abin kunya, sai takardar da ta shekara 10 tana barci ta farka cikin 'yan kwanaki, aka sa hannu a kan shigarsa aiki. Bai daɗe a bayanta ba.

Mun san abin da za a ce: ajali ne. Ƙwarai kuwa, ba mai wuce ranarsa, kuma ba mu ce takarda ce ta kashe shi ba. Amma zuwan ajali ba ya goge haƙƙi. Shekara 10 wata 120 ne. A cikin kowane wata akwai kuɗin haya, akwai hatsi, akwai sabulu, akwai zazzaɓin damina, akwai iyayen da suka zuba ido. Sallah ƙarama da babba sun zagayo sau 20. Malamanmu sun karantar da mu tun muna gaban allo cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a sallami ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba, kuma ya ƙirga jinkirin mai hali wajen biyan abin da ake bin sa cikin zalunci. To, ina ga ma'aikacin da gumi shi ne ainihin aikinsa?

Abin da muke so mu tsaya a kai ke nan. Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu ofis, ta kuma zauna a bakin wasu iyaye, cewa aikin mutum daban, rayuwar gidansa daban. Mai ofis yana faɗinta don ya ce matsalar malami ta takarda ce kawai, za a daidaita, za a biya shi kuɗin baya gaba ɗaya. Uba kuwa yana faɗinta ta wata fuska: yaron kirki ne, gidansu gidan mutunci ne, sai dai sana'arsa tsalle-tsalle ce. Mu kuwa muna cewa ga wanda ya karanci wasanni, raba aiki da gida kamar raba hanta da jini ne, kuma duk wanda ya yi wannan rabo, hukuma ce ko dangi, ya ci amanar bawan Allah.

Bari mu fara da yadda ake zama irin wannan malami, domin da yawa ba su sani ba. A Yawunde akwai babbar cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa, INJS. A ƙarƙashin matakinta akwai cibiyoyi biyar da ake kira CENAJES, a Bamenda da Bertoua da Dschang da Kribi, ta biyar kuma a nan Garwa, wadda filinta ma yana cikin waɗanda aka gyara saboda gasar 2022. Ba a shiga sai da jarrabawar gasa, ta rubutu da ta jiki, da binciken likita, da iyakar shekaru. Wanda ya shiga zai yi shekara biyu ko uku yana karatun ƙirar jikin ɗan Adam, ƙashi da jijiya da numfashi, da dabarun koyarwa, da agajin gaggawa, da dokokin wasanni iri-iri. Shi ne zai gane yaron da ya faɗi a fili, suma ce ta yunwa ko ta zafin rana ko abin da ya fi haka. Shi ne zai shirya ɗalibai domin jarrabawar motsa jiki da ke cikin jarrabawoyin ƙasa, ya kai su gasar makarantu ta FENASSCO, ya kuma tsaya da su a rana yana daidaita sahun faretin 11 ga Fabrairu da na 20 ga Mayu, wanda manya ke kallo daga inuwar rumfa.

Yanzu a dubi inda takardarsa ke bi. Makarantar da ta horar da shi tana hannun ma'aikatar wasanni. Makarantar da yake koyarwa tana hannun ma'aikatar ilimin sakandare. Lambar aiki daga ma'aikatar kula da ma'aikata take fitowa, kuɗi kuma daga ma'aikatar kuɗi. Ɗa ne mai uwa huɗu, kuma kowa ya san yadda irin wannan ɗa yake kwana da yunwa, kowace tana zaton ya ci a ɗakin 'yar'uwarta. In takarda ta maƙale, sai a ce masa ya je Yawunde ya bi ta. Daga Beka sai ya fito Garwa, ya hau mota zuwa Ngawundare, ya kwana cikin jirgin ƙasa, ya sauka a birnin da ba shi da masauki, da kuɗin da ya ranto. Mutumin da ba a biya ba shi ake nema ya kashe kuɗi don a biya shi. Sauran malamai ma sun sha irin tasu, don cikin koke-koken OTS har da tsarin nan na biyan sabon malami kashi biyu cikin uku na albashinsa, ragowar ta bi shi bashi shekara da shekaru. Amma na malamin wasanni akwai ƙari.

Ƙarin shi ne jarinsa yana ƙarewa. Malamin lissafi in ya kai shekara 55 ya fi gwaninta a kan yadda yake yana ɗan 25. Malamin wasanni kuwa da gwiwarsa yake rubutu, da bayansa yake bayani. Sai ya yi tsallen da kansa yara su gani, sai ya yi gudun su bi shi, a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wani lokaci kuma da azumi a bakinsa. Abin da ya ci da daddare shi ne darasin da zai bayar da safe. In ba a ɗora tukunya a gidansa ba, fili zai nuna. In jijiyar gwiwa ta tsinke a fili, gida ne zai biya kuɗin asibiti, gida ne zai yi jinya. Saboda haka kuɗin bayan da ake yi masa alkawari ba su mai da komai. Ana iya tara albashin shekara 10 a miƙa rana ɗaya, amma wa zai mayar wa mutum ƙuruciyar da ya kashe a rana, da auren da bai yi ba, da uwar da ta rasu bai taɓa ɗinka mata zani da guminsa ba?

Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren dattawa muna ganin ƙarshen waɗannan takardu, domin abin da ya maƙale a ofis a zaure yake faɗowa. Mai gida ya kawo ƙarar ɗan haya da ya yi wata takwas bai biya ba. Mai shago ya zo da littafin bashi. Waliyyi ya zo yana neman a mayar da kayan sa rana, don an ɗaga biki sau uku ana jiran lamba ta fito. Matar aure ta yi yaji, ba don an zage ta ba, sai don miji yana can ƙauyen da aka tura shi, ita tana nan gidan surukai, ba aike ba zuwa. Ba a rubuta sunan wata ma'aikata a cikin waɗannan shari'o'i, amma ita ce babbar wadda ake ƙara. Da yawa cikin samarin nan sun koma acaba da yamma, wasu suna alƙalancin ƙwallon unguwa don ɗan abin da za a ba su, wasu suna noman gyaɗa da masara a gonar aro. Ba abin kunya ba ne, neman halali ne. Sai dai jikin da ya yini a kan babur shi ne dai zai fito fili da asuba.

To, hukuma ke nan. Saura jama'a, domin ba duka laifin ke Yawunde ba. A cikin garin nan akwai mutumin da zai rufe shagonsa don kallon Coton Sport, ya ba ka labarin 2008 tiryan-tiryan, yadda ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, aka ci ta biyu a Alƙahira, ta yi biyu da biyu da Al Ahly a nan gida. Zai gaya maka yadda Vincent Aboubakar ya tashi daga Coton Sport ya tafi Faransa a 2010, ya ci wa Kamaru ƙwallon da ta ɗauki kofi a kan Masar a 2017, ya ci takwas a gasar 2022, ya kuma zura wa Brazil a Ƙatar. Amma wannan mutumin, in malamin wasanni ya aiko neman 'yarsa, sai ya ɓata fuska ya ce ba zai ba ɗan wasa ba. Yana son 'ya'yan itace, yana ƙyamar mai ban ruwa. Ɗan ƙwallon da ya yi suna ɗaya ne cikin dubbai, kuma shi ma wani mai usur ne ya fara tsayar da shi a layi, ya koya masa yadda ake numfashi.

Ga masu wannan ƙyama muna da tambaya. Wane gida ne a Garwa ya fi gidan Lamiɗo? Issa Hayatou, wanda aka haifa a nan a 1946, ɗan Lamiɗo ne, ɗan'uwan Sadou Hayatou da ya riƙe firaminista, ɗan'uwan Lamiɗo Alim Hayatou. Me ya fara da shi? Gudun mita 400 da 800, da ƙwallon kwando, da koyar da motsa jiki. Daga nan ya zama babban sakataren hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru a 1974 yana ɗan shekara 28, ya shugabanci hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 har 2017, ya riƙe FIFA na riƙon ƙwarya daga ƙarshen 2015 zuwa Fabrairun 2016, Allah Ya karɓi abinsa a Agustan 2024. Fada ba ta ga ƙasƙanci a cikin wannan sana'a ba, sai talaka ne zai gani? Amma a lura da ɗaya gefen darasin. Wanda ya fito daga babban gida yana da bangon jingina in albashi ya yi jinkiri, yana da wanda zai ɗaga waya in takarda ta ɓace. Ɗan manomin auduga da ya ci jarrabawa ɗaya da shi ba shi da kowa sai Allah. Sana'a guda, ilimi guda, amma gida ne ya raba makomarsu. Wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba a auna aikin nan ba tare da an leƙa gida ba.

Wasu za su fake da addini, su ce lahawu ne. A nan kam sai mu ce a yi hattara da ɗora wa addini abin da bai ce ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Ya sa an yi sukuwar dawakai. Ya bar mutanen Habasha suna wasa da masu a masallacinsa ranar idi. Kakanninmu kuma ba su raina ƙarfin jiki ba: ga kokawa bayan girbi, ga dambe, ga hawan doki a ƙofar fada, ga masuntan Binuwai da ke iyo tun suna yara. Abin da shari'a ta hana sananne ne, wato caca da tsiraici da tozarta salla. Kuma wa zai tsare waɗannan iyakoki a filin makaranta in ba malamin da ya san su ba? In 'ya'yan Musulmi masu tarbiyya suka guje wa sana'ar saboda gori, fili ba zai zauna babu kowa ba, wani ne zai riƙe usur ɗin, sa'annan a dawo ana kuka.

Wannan ya kawo mu kan mata, inda rashin adalcin ya fi fitowa fili. Uba zai je makaranta ya ce bai yarda namiji ya koya wa 'yarsa motsa jiki ba, a kawo mace. Maganarsa tana kan hanya. Amma da 'yar maƙwabcinsa za ta ce tana son shiga CENAJES, shi ne na farkon da zai ce ta lalace. To, daga ina macen za ta fito, daga sama? 'Yan kaɗan da suka jure suka gama, sai su tarar da wani shingen. Saurayi ya amince da aikinta kafin aure, ya ci albashinta wata shida, sa'annan abokai su yi masa dariya ya ce ta ajiye. Ko a tura ta wani gari, miji yana wani. Ko ciki ya zo, ga shi aikin na jiki ne, ba wanda ya tanadi mai riƙe mata aji. Batun sutura kuwa ya daina zama uzuri: tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta duniya ta amince da lulluɓin kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar kofin duniya da hijabinta. Haihuwa ma ba ƙarshen hanya ba ce. Françoise Mbango ta ci wa Kamaru zinare a tsallen taku uku a Atina a 2004, ta haihu, ta koma ta sake cin zinare a Bejin a 2008. Abin da malamar wasanni ke nema bai kai haka ba: miji mai cika alkawari da hukuma mai ido.

Muna kira ga hukuma da abubuwa bayyanannu. Kada a tura kowa bakin aiki sai da lambarsa a hannu, domin wadda ta iya sa hannu cikin kwanaki saboda hoto ya bazu ta nuna cewa ba wuya abin yake da shi ba. A bar takarda ta ƙare a Garwa ko Marwa ko Ngawundare, ba sai an kwana a jirgi ba. Raunin da aka ji a fili a ɗauke shi raunin aiki, hukuma ta yi magani. A duba aure wajen tura ma'aikaci, musamman mace. Kuma a buɗe wa wanda ya manyanta ƙofar da zai koma, sufeto ko mai horar da malamai ko mai kula da filaye, tun kafin gwiwa ta ƙi. Filayen da aka kashe dukiya aka gyara a 2022 suna buƙatar masu ilimin kula da su, ga su kuwa a gari suna acaba.

Muna kira ga masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin iyayen yara: in aka kawo sabon malami garinku, ku tambaya ko albashinsa ya fara fita. In bai fara ba, a sama masa ɗaki, a auna masa hatsi, a rubuta wa na sama da hatimin sarki, a kuma maimaita. Baƙo ne, kuma ma'aikacin 'ya'yanku ne. Bai kamata a ce mutum ya shekara 10 a cikin jama'a a wannan hali, sai kwali ne zai yi masa magana ba. Attajiranmu da ke sayen riguna da kofi don a kira sunansu a lasifika, su tuna da wanda ya horar da yaran da za su sa rigunan.

Muna kira ga iyayen 'yan mata: ku binciki addinin mai nema da halinsa da gaskiyarsa, kamar yadda za ku binciki ɗan kasuwa ko ma'aikacin SODECOTON. In an yarda da aikin mace kafin aure, a faɗa a gaban waliyyai da shaidu, a rubuta, domin alkawari kaya ne.

Ku kuma samari da 'yan mata masu wannan karatu, kada ku ɓoye wa wanda za ku aura komai: ku faɗi inda za a iya tura ku, ku faɗi cewa albashi kan yi jinkiri, ku faɗi cewa Asabar da Lahadinku na gasa ne. Ku riƙi wata sana'ar hannu tun ƙarfi yana nan. Ku tsare sallarku a fili kamar yadda kuke tsare lokacin tashi wasa, don ku rufe bakin masu gori. Kuma ku riƙa ajiye kwafin kowace takarda, ku haɗa kai, kada wani ya sake yin shirun shekara 10 shi kaɗai.

Allah Ya jiƙan Malam Hamidu, Ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, Ya ba iyalansa haƙuri. Waɗanda haƙƙin ma'aikata ke hannunsu, Allah Ya ba su ikon sauke shi tun suna da rai, domin akwai ranar da ba a ɗaga shari'a, ba a kuma cewa takarda ta ɓace.